Muryar Bayan Katanga

Daga Gwaggo zuwa ga Aku

Assalamu alaikum, 'yata Aku.

Ina gaishe ki gaisuwar da ta daɗe a bakina ba ta sami hanyar fita ba. Ina fata kina lafiya, aiki bai cinye ki ba. Ya jikin mahaifiyarki? Ni dai da sauƙi. Gwiwa ce ke tsiyarta in hadari ya haɗo, maganin hawan jini kuma ina sha in na tuna. Na koma kan keken ɗinki, don zaman shiru ya fi ɗinki gajiyarwa.

Na gode da zuwanki ta'aziyyar ɗana, yayanki Mai Fito. Ba ki daɗe ba, amma na ga idonki, ya ishe ni. Mutane na cewa dangantakarmu da nisa, wai kakarki da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙane ne, sai an yi ta lissafi kafin a iso kanki. Ni ban iya wannan lissafi ba. Abin da na sani, a ɗakina kika yi shekarun sakandare, kwano ɗaya kuka ci da shi. Shi ne ya raɗa miki Aku saboda surutunki, ke kika rama kika sa masa Mai Fito.

Na zaɓi takarda don in na ɗauki waya kuka ke riga magana fitowa. Takarda ba ta san kuka ba. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Ga abin da ke tafe da ni. A masana'antar kwalaye inda yayanki yake gyaran inji akwai lasifika a saman ƙofa. Kowace safiya da ƙarfe bakwai, masu aikin dare na fita na safe na shiga, ana sakin wani gargaɗi. Ashe muryarsa ce. Bai taɓa faɗa mini ba. Ranar da na je karɓo rigar aikinsa da kofin shayinsa, ina tsaye a ƙofa sai na ji fito daga sama, irin wanda yake yi in ya shigo gida da yunwa. Bayan fiton sai ya ce: "Jama'a, a sa hular kwano, a ɗaure takalmi. Kada wanda ya sa hannu a inji yana tafiya. Mu koma gida da yatsunmu goma." Maigadi ya ce maganar yatsun ba ta cikin abin da aka rubuta wa yayanki, shi ya ƙara abinsa.

Tun ranar kullum sai na je. Maigadi ya ajiye mini benci a gindin katanga. Har tsiya yake mini, wai "Iya, kina riga manaja zuwa aiki, ya kamata a yanka miki kati." Ina zama, ya yi fito, ya yi maganarsa, in ce masa "to, na ji," in taso.

Ba ni da muryarsa a ko'ina sai nan. Wayarsa ta ɓace a ruɗewar asibiti, shi kuma mutum ne mai kira, bai iya aiko saƙon murya ba. Maƙwabciyata ta raka ni da wayarta mu ɗauka daga waje, muka dawo gida muka kunna, ba komai a ciki sai kukan manyan motoci.

Sai na shiga wurin manaja. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera. Ya ce da a bara ne, nan take zai sa a juye mini. Amma a 'yan watannin nan an hana shi fitar da ko allura sai da izinin lauyoyin masu kamfanin. Na ce su wa ke nan? Da ya faɗi sunan, sai na ji wurin aikinki ne. Na tuna yadda yayanki ke kwatanta mini aikinku. Ya ce ba ku ƙera komai, kamfanoni kuke saye ku turke, ku kiwata, in sun yi ƙiba ku sayar. Ya ce, "Inna, mu ma yanzu a turken su Aku muke, ita ce mai duba igiya."

To, 'yata, ke ce lauyar. Ba wani abu nake nema ba sai a juye mini muryar nan in ajiye a ɗaki, saboda ranar da gwiwa za ta ƙi kai ni. Adireshin ofishinki na samu a jikin katin da kika ba shi, yana cikin aljihun rigar aikin, har ya yi laushi don ɗauka.

Allah ya yi miki albarka.
Gwaggonki.

Daga Aku zuwa ga Gwaggo

Wa alaikumus salam, Gwaggo.

Ina gaishe ki da girmamawa. Ina lafiya, Mama ma da sauƙi, tana gaishe ki. Don Allah ki riƙa shan maganin nan a kan lokaci, ba sai kin tuna ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya ƙara miki haƙuri.

Takardarki ta iso. A wurin aikinmu, duk takardar da ta shigo ta ƙofar ofis wani ne ke fara buɗe ta ya karanta kafin ta kai ga mai ita. Saboda haka ina roƙonki kada ki ƙara rubuto mini a ofis. Na rubuta miki adireshin gida a ƙasa.

Maganar masana'anta kuwa, ba zan iya cewa komai a kanta ba. Ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba, ba kuma zan iya faɗin dalili ba. Kada ki tambaye ni ta waya, kada ki aiko Mama ta tambaye ni. Abu ɗaya zan ce: ki ci gaba da zuwa bencinki, kada ki fasa ko da rana ɗaya.

Na san ba wannan amsar kika zauna jira ba.

'Yarki,
Aku.

Daga Gwaggo zuwa ga Aku

Assalamu alaikum.

Ina gaishe ki, ina gaida mahaifiyarki. Lafiyata ƙalau, maganin ma ina sha yadda kika ce. Ga shi na rubuto gida kamar yadda kika umarta.

Na karanta takardarki, na ajiye, na ɗinka hannun riga, na sake ɗauka na karanta ko akwai abin da idona ya tsallake. Ban sami komai ba. Gajeriya ce, ba wurin ɓuya a cikinta.

Na gane, Aku. Wani ya buɗe takardata a gabanki, ya ga rubutu kamar tafiyar kaza, ya ga wata tsohuwa mai ɗinki tana kiranki 'yarta. Da na san haka ake yi a wurinku da na nemi wanda ya iya irin harshenku na ofis ya rubuta mini, ko in sa hannu a matsayin baƙuwa. Rashin sani ya fi dare duhu. Ki gafarce ni in na zubar miki da girma a gaban mutanenki.

Amma abu ɗaya ya tsaya mini. Kin ce ba e, ba a'a, ba dalili. Ke? Ke da yayanki ya taɓa yi wa alkawarin kekensa in kika iya yin shiru daga gida zuwa makaranta, ba ku kai bakin layi ba kika tambaye shi ko har da ƙararrawar zai ba ki. Ke da in na aike ki sayen zare sai kin dawo mini da tarihin mai shagon. Wane irin aiki ne wannan da ya ɗinke bakin Aku? Ko a'a ce, ki ce mini a'a. Na binne ɗa, a'a ba za ta kashe ni ba.

Kin ce in ci gaba da zuwa bencina. Ai ba sai an ce mini ba. Na ji ta kamar yadda ake ce wa mai roƙo ya koma inda ya saba zama.

Ina zuwa ɗin. Kwanakin nan wasu baƙi na yawan shiga masana'antar. Hulunan kwanonsu sababbi fil, ko ƙwarzane babu, takalmansu kuma ba na masu taɓa inji ba ne. Suna zagayawa suna ɗaukar hoton komai, har da tankin ruwa da ɗakin maigadi. Wani a cikinsu ya tsaya ya daɗe yana kallon lasifikar, ya rubuta wani abu. Na tambayi maigadi, ya ce, "Iya, ni ƙofa aka ba ni, ba a ba ni labari ba." Ma'aikata na ta ƙus-ƙus, kowa da abin da yake faɗa. Ba tambayarki nake yi ba, na ji kin hana. Ina dai faɗa miki abin da idona ya gani.

Jiya da ya ce mu koma gida da yatsunmu goma, sai na tuna ranar da ya fara aiki. Na kama hannunsa na ce ya dawo mini da su yadda ya tafi da su. Ya yi dariya ya ce to in ya ƙaro ɗaya fa? Ashe ya riƙe maganar. Ya kuwa cika alkawari, da yatsunsa goma aka wanke shi. Zazzaɓi ne bai yi mini alkawarin komai ba.

Ba zan ƙara tayar miki da maganar ba. Allah ya ba ki sa'ar aikinki.

Gwaggo.

Daga Gwaggo zuwa ga Aku

Assalamu alaikum, Aku.

Ina fata kina lafiya. Ban ji daga gare ki ba tun waccan takardar, har damina ta yi nisa. Na tambayi mahaifiyarki, ta ce lafiyarki lau, aiki ne. To madalla. Ni jikin ba daɗi sosai, amma ba abin kwanciya ba ne.

Na ce ba zan ƙara tayar da maganar ba. Ba roƙo na zo yi ba, sanarwa ce, don ke ma yayanki ne.

Ranar Litinin na je na tarar da tsani a jingine a ƙofa. Wani mutum na sama yana kwance lasifikar. Na ce wa maigadi gyara za a yi? Bai dube ni ba, ya ce in zauna tukuna. Aka sauko da ita, aka ɗora wata sabuwa, fara, ƙarama. Ƙarfe bakwai ya yi. Sai wata ƙararrawa ta buga, wata mace da ban sani ba ta yi magana sumul kamar mai karanta labarai. Ba fito. Ba yatsu.

Ma'aikatan da ke shiga suka yi cirko-cirko. Wani dattijo da suka yi gyaran inji tare, mai furfura a gira, ya cire hularsa, ya sa yatsu a baki ya yi fito. Bai yi kama ba ko kaɗan, amma ya yi. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Mu koma gida da yatsunmu goma!" Sauran suka amsa masa. Maigadi ya shige ɗakinsa ya rufo ƙofa.

Na nemi manaja. Ya fito da kansa har ƙofa, ya ce akwatin da muryar ke ciki an naɗe shi an manne, an tafi da shi, bai san inda aka kai ba, ba shi da ikon tambaya. Ya ce in yi haƙuri. Kowa haƙuri yake ba ni, har na rasa inda zan zuba shi.

Aku, ranar da ya rasu mutane sun cika gidan nan, an riƙe ni, an yi mini addu'a. Wannan karon ya sake tafiya, ba wanda ya zo, don ba wanda ya san an yi rasuwa. Na dawo gida na zauna a gaban keke, na sa ƙafa, na kasa takawa. Da safe har yanzu ina farkawa in ɗaura mayafi, sai na kai ƙofa in tuna ba inda za ni. Abin da ya fi ba ni tsoro, ina ƙoƙarin tuno fiton a kaina, wani lokaci ya zo, wani lokaci na dattijon nan ne ke zuwa a madadinsa.

Ban riƙe ki a zuciya ba. Wataƙila masu lissafin nan sun fi ni gaskiya, dangantakar da nisa, ni ce na matso da ita kusa don son raina. Ga katinki na sa a cikin takardar nan. Ya daɗe a aljihunsa, ni kuma ba ni da ofishin da zan nema.

Allah ya tsare ki.
Gwaggo.

Daga Aku zuwa ga Gwaggo

Wa alaikumus salam, Gwaggona.

Ina durƙusawa in gaishe ki. Ya jikin? Mama ta ce kin rame. Ni lafiyar jiki ce kawai nake da ita tun da katin nan ya faɗo daga cikin takardarki. Na ajiye shi, zan dawo miki da shi da hannuna.

Yau da safe aka sanar wa duniya an sayar da masana'antar, don haka yau aka kwance mini baki. Ki zauna, Gwaggo, Aku za ta yi magana.

Lokacin da kika rubuto, muna tsakiyar cinikin. Baƙin da kika gani masu sababbin huluna mutanen mai saye ne. Ni ce lauyar da ke riƙe da takardun tun bara. A irin wannan ciniki kowa na sa hannu cewa ba zai faɗa wa kowa ba, ko mijinsa ko uwarsa, don in magana ta fita ma'aikata su firgita, ciniki ya lalace, mutane su rasa aiki. Kuma daga ranar da aka daidaita, komai na masana'antar ya tsaya inda yake har a miƙa shi ga mai saye, daga manyan injuna har tsintsiya. Muryar Yaya ma, tunda a bakin aiki aka ɗauke ta, doka ta ce kayan kamfani ce. Da ita aka yi ciniki, ba wanda ya ma san da zamanta.

Akwai wani mutum a ofishinmu, aikinsa ke nan ya tabbata ba wanda ya haɗa aikin kamfani da son ransa. Muna ce masa Mai Ƙa'ida. Ba ya dariya, ko shayi ya zo sha sai ya karanta bayan kwalin. Shi ya buɗe takardarki. Ya kira ni ɗakinsa, ya rufe ƙofa, ya tambaye ni wace ce ke a wurina. Na fara masa bayanin kakata da mahaifiyarki. Ya buɗe littafinsa ya duba, ya ce a ƙa'idarmu dangi su ne uwa, uba, miji, 'ya'ya, da wanda kuka fito ciki ɗaya. Ya ce wannan matar ba danginki ba ce.

Sai ya ajiye mini hanya biyu. Ta farko, in ɗauki takardar in sa a jaka kamar ba ta zo ba, in ci gaba da aikina. Amma maganar murya ta mutu ke nan, don ba ni da damar kawo buƙatar gida kan teburin ciniki, kuma ranar da mai saye ya karɓi wurin zai goge tsofaffin na'urori ya sa nasa. Ta biyu, ya shigar da takardar a matsayin buƙata daga iyalin ma'aikaci. In ta shiga, dole a nuna wa mai saye, dole kuma a amsa ta kafin a sa hannu, don lauyoyi ba sa rufe ciniki da tambaya a buɗe, komai ƙanƙantarta. Sai dai duk wanda ya ce yana da alaƙa da mai buƙatar, ba zai ƙara zama a teburin ba.

Na ce masa ya rubuta: gwaggota ce. Ya ce ba gurbin gwaggo a littafin. Na ce ya rubuta a gefe.

Kafin azahar an karɓe takardun daga hannuna. Katin shiga ofis da nake ratayawa ya daina buɗe ƙofar ɗakin taron da na kusa tarewa a cikinsa, in na kara shi sai jar fitila ta kama. Aka mayar da ni wani ɗan ɗaki kusa da injin hoton takardu, ba taga, ina duba yarjejeniyar hayar ofisoshi. Abokan aikina in mun haɗu a wurin shan ruwa sai su yi shiru, ba don ƙi ba, haka dokar take. Muna ce wa wannan katanga. Kina bayan taki katangar, ni ma ina bayan tawa. Ban san abin da ake yi da buƙatarki ba. Ranar da kika ce an tafi da akwatin, ni ma ban san ko ajiye shi za a yi ko gogewa ba. Abin da ya sa tun farko na ce miki kada ki fasa zuwa benci: ina tsoron kwanakin sun kusa ƙarewa, kuma iyakar abin da zan iya faɗa ke nan. Na ɗauki biro in amsa miki ya fi a ƙirga. Duk abin da na rubuta, ko ƙarya ce ko karya alkawari, kuma in aka ce na fitar da magana, buƙatarki ce za ta fara lalacewa. Sai na zaɓi ki yi fushi da ni.

Rubutunki kuwa, Gwaggo, ba wanda ya yi masa dariya. Mai Ƙa'ida da ya gama karantawa sai da ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

Jiya bayan an sa hannu, wanda ya gaji kujerata ya shigo ɗan ɗakina ya ajiye mini shafi ɗaya. A cikin yarjejeniyar akwai wurin da ake faɗin abin da bai shiga ciniki ba. A nan aka rubuta cewa muryar da ke cikin akwatin lasifikar ƙofa ba ta cikin abin da aka sayar, ta mahaifiyar marigayi ce. Ashe saboda buƙatarki aka cire akwatin aka killace shi. Ya ce lauyoyi cike da ɗaki sun ɓata rabin yini suna gardama ko fito ma murya ne. Na ɓangaren mai saye ya ce a rubuta "har da fito" a huta. Haka aka rubuta. Da Yaya na nan da ya shekara yana mana tsiya.

Ga ƙaramin rediyo mai cin kati na haɗo da takardar nan. An juye duk abin da ke cikin akwatin. Ki danna maɓallin tsakiya kawai. Ban saurara ba, taki ce, ke za ki fara ji.

Cinikin da na yi wa wahala wani ne ya sa masa hannu, shi aka tafa wa. Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma da a sake tambayata, abin da zan ce a rubuta a gefe ke nan.

Ki yafe mini shirun.

'Yarki,
Aku.

Daga Gwaggo zuwa ga Aku

Assalamu alaikum, 'yata, 'yar ɗakina.

Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Jiki ya yi sauƙi, jiya har na gama rigar da ta daɗe a kan keke. Ki gaida mahaifiyarki. Ki gaida Mai Ƙa'ida, ki ce masa littafinsa na buƙatar ƙarin shafi.

Saƙo ya iso da la'asar. Na karanta takardarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Ni ce zan nemi yafiya. Kina can a ɗakin da ba taga saboda ni, ni ina nan ina auna miki nisan dangantaka. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma na cije ki da ƙarfi. Katin nan ki dawo mini da abina.

Ban kunna rediyon a ranar ba. Na ɗora shi a kan taga na rufe shi da ƙyalle saboda ƙura. Na ga bai dace in ji shi da la'asar ba, ba lokacinsa ba ne. Da safe na ɗaura mayafina kamar mai fita, na jawo kujera gaban taga, na jira ƙarfe bakwai, na danna na tsakiya.

Aku, ba ki san abin da kika aiko ba. Ba gargaɗin kaɗai ba ne a ciki. Duk ranar da aka ɗauka ce, har da wuraren da ya ɓata. Ya fara, ya sarƙe, ya fashe da dariya. Ya sake, ya yi tari, ya ce a sake, a sake. Dariyar nan tasa mai kama da tayar da tsohon inji, ban taɓa zaton zan ƙara jin ta a duniya ba. Wani a gefe yana ce masa, "Malam, ka daina tsayawa, ka zuba kawai." Sai ya ce, ki ji da kyau, ya ce: "Ai ba ni ya kamata ku kira ba. Da ƙanwata Aku kuka samu, da ta yi muku shi ba numfashi, ta ƙara muku da labarin mai shago. Lauya ce fa, ku yi hankali da ita." Sannan ya gyara murya, ya yi fito, ya faɗi abinsa daidai.

Ƙanwata ya ce. Bai tsaya lissafin kakanni ba.

Na kai wa maigadi da dattijon nan mai furfura a gira suka ji a ɗakin gadi. Dattijon ya ce ashe fitonsa bai kama hanya ba, maigadi ya ce ai tun ranar yake son faɗa masa. Bencin na ce a bar wa wanda ya gaji.

Yanzu sau ɗaya nake kunnawa a rana. Maƙwabciyata ta ce tunda nawa ne me zai hana in yi ta ji har dare. Na ce a'a. Yana da lokacinsa, kuma ba na so in gajiyar da shi.

Ba zan juye miki a waya ba, kada ma ki tambaya. Zumunta a ƙafa take. Ki nemi hutu a wurin masu kiwon nan, ki zo ki kwana a ɗakinki, katifarki na nan. Na ajiye kujera ta biyu a gaban taga. Ki tashi da wuri, kin san yayanki ba ya jiran kowa, bakwai na yi zai fara. In ya gama, ke kuma sai ki ɗora, ina da kunnen jin duk surutun da kika tara.

Ki zo mini da yatsunki goma.

Gwaggonki.